Sakkwato, Kabi da Zamfara: wa ya fi tabki?

Ɗan Kware: Jama'a, yau wani ya ƙona min rai wurin mai shayi. Wai Sakkwato ba komai sai rana da ƙura, ruwa na Kabi ne. To ni na ce a tabki mun fi Kabi da Zamfara ko an haɗe su. Ga na Kware, ga Kalmalo can Illela, ga Goronyo, ga Lugu a Wurno, ga Shagari. Mai ja ya fito.

Bakabe: Malam, Goronyo tabki ne? Madatsa ce gwamnati ta gina kan gulbin Rima. Tabki Allah ka yin shi, ba injiniya ba.

Ɗan Kware: Ruwa kwance, masunta na cikin kwalekwale suna jan taru. Mi kake so a kira shi, randa?

Bazamfare: In dam tabki ne, ku kama bakinku. Bakolori na wurinmu tun 1978.

Ɗan Kware: A 1978 ina Zamfara? Jihar Sakkwato ce sannan. Sai 1996 aka yanka muku, Kabi ma 1991. Da kayan gidanmu kuka fita.

Bazamfare: Kayan gidanku? Manoman da aka raba da gonakinsu don gina Bakolori, aka harbe wasu a 1980 don sun nemi diyya, iyayen wa ne? Ka iya bakinka, wallahi.

Hajiyar Mabera: Ku yi haƙuri ƙannena. Amma Ɗan Kware, Kalmalon da kake ƙirgawa ai ya sha ƙafewa. Ka cire shi tsakani da Allah.

Ɗan Kware: Hajiya, ke ma? Wanda ya tafi cin rani ba a cire shi daga 'yan gida.

Bakabe: Ku zo Yawuri ku ga ruwan Kainji. Duk tabkunanku a juye ciki, ba wanda zai lura.

Ɗan Kware: Ɗazu kac ce dam ba tabki ba ne! Kuma madatsar Kainji a jihar Neja take.

Bakabe: Ruwan dai ƙofarmu yake. Ga Matan Fada kuma.

Hajiyar Mabera: Wannan gulbi ne, ɗana.

Ɗan Kware: Bikin kamun kifin Argungu da ake yi a Matan Fadan ma albarkacin zuwan Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu ne a 1934.

Bakabe: Da aka kasa cin Argungu da yaƙi ba, dole a zo da zumunci. Jikokin Kanta muke.

Bazamfare: Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa kan Bakolori.

Shugaban zaure: To, ya isa haka. Abin da na fahimta: Kainji na Neja ne, Matan Fada gulbi ne, Bakolori kuma da sunan Sakkwato aka gina shi. Goronyo, garin kakannina, tabki ne, ko makaho ya shaida. Sakkwato ta ci. Wanda ya ƙara magana zan cire shi.

Bakabe: Cire ni.