Musayar Waƙa: Tonon Ƙanƙara a Duniyar Mas

Malam Sani

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na buɗe da ƙwar biyu, amsa-amo "ra". Mai amsawa ya zo da adadi da dalili.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ya ƙagi taurari ya tsara.

Batun duniyar Mas na ɗauko,
Masu sani ku matso mu tattara.

Nauyin iskarta milibar 6 ne,
Bai kai 1 bisa 100 na tamu ba, ku lura.

A irin wannan iska ruwa ba ya zama,
Balle ya sami hanya ya kwarara.

Ko dai ya daskare cikin ƙasa,
Ko ya zam tururi, iska ta kora.

A 2002 kumbon Odyssey
Yana kewaye can sama ya yi ishara:

Mitar farko ta ƙasar ƙuryoyin duniyar
Haidurojin, sinadarin ruwa, mai yawa ta tara.

Sai dai alama ba shaida ba ce,
Sai hannu ya tona ya taɓa ƙanƙara.

To yaya ake sauke kumbo can,
Ya yi wannan tono ba asara?

Injiniya Bala

Allah gafarta Malam, kafin tono
Sauka ce ke fara gagara.

Wajen kilomita 20,000 a awa,
Da wannan gudu kumbo ke zura.

Minti 7 ne daga shiga iska zuwa ƙasa,
Umarni daga nan kuwa ya makara:

In duniyoyin na kusa, minti 3,
In sun yi nisa, 22 za ka jira.

Don haka ba mai tuƙi daga nan,
Kwamfutar ciki ke yanke shawara.

Garkuwar zafi ke shan gogar iska,
Ta cinye gudun, ta bar ɗan saura.

Lema ta buɗe ana sama da gudun sauti,
Siririyar iska ta shige ta, ta kumbura.

Ita kaɗai ba ta tsai da kumbo a can,
Dole a haɗa mata da wata dabara.

A yar da garkuwa, ƙafa 3 su miƙe,
Rada ta auna tazara ta fassara.

Saura kilomita 1 a rabu da lema,
Ƙananan rokoki 12 su hura.

Mita 2.4 a daƙiƙa aka taɓa ƙasa,
Da haka kumbon Phoenix ya sami nasara,

Ran 25 ga Mayun 2008,
Digiri 68 arewa, nan ya dira.

Malama Hadiza

Yaya Bala ya faɗi yadda aka dace. Ga inda aka faɗi, da ƙwar huɗu.

A Disamban 1999 can kudu,
Polar Lander ya taho da gudu,
Ƙafa ta miƙe, ƙarafa suka haɗu,
Girgizar ta ruɗi na'ura.

Ta ɗauka an riga an taɓa ƙasa,
Alhali saura mita 40 a isa,
Ta kashe injin tun daga bisa,
Kumbo ya faɗo, babu tsira.

Schiaparelli na Turai ma,
A 2016 da ya buɗe lema,
Ya yi ta lilo fiye da ƙima,
Ma'aunin juyi ya cika ya sandara.

Daƙiƙa ɗaya ya yi a haka,
Kwamfuta ta ce an gama sauka,
Ta yar da lema, ta kashe roka,
Daga kilomita 3.7 ya gangara.

Duka biyun ƙarfe bai gaza ba,
Lema da roka ba su ƙi ba,
Ƙaryar ma'auni ce ba a tace ba,
Nan ne wurin da ake gyara.

Na Polar Lander shi ne dalilin da masu bincike suka fi rinjayarwa, domin kumbon bai aiko da bayanan saukarsa ba.

Malam Sani

Madalla Malama. To, an sauka,
An ga fari a rami, amma a ankara:

Gishiri fari ne, ƙanƙarar iskar kabon ma fara,
Da me aka bambance? Dakta, ke nake kira.

Dakta Rabi

Malam, hannun Phoenix mita 2.35 ne,
Da cokalin haƙa a bakinsa aka ƙera.

Tun kafin ya tona, rokokin sauka
Sun yaye ƙarƙashinsa, sun kore ƙura.

Da aka leƙa tsakanin ƙafafu,
Ga wani daɓe mai santsi, shimfiɗa fara.

Ya tona santimita 5 ko da ɗoriya,
Cokali ya ci karo da abin da ya kangara.

Tsakiyar Yuni ga 'yan gutsattsari
A kusurwar rami, aka ɗauka da kyamara.

Bayan kwana 4 aka sake dubawa,
Babu su, kuma ba iska ce ta yi shara.

Gishiri ba ya tashi ya bi sarari,
Da shi ne, da yana nan ko an shekara.

Ta kabon kuwa sai sanyi ya kai 125
Ƙasa da sifili kafin ta daskara.

Lokacin zafin arewa ne, rana ba ta faɗuwa,
Da ita ce, da wuya yini ta ɗara.

Ta ruwa ce ke ƙafewa sannu haka,
Kai tsaye tururi, ba ɗigon da zai kwarara.

Injiniya Bala

Dakta, hujjar ido na karɓa,
Amma awo shi ke rufe ƙara.

Me ya ja daga Yuni har ƙarshen Yuli
Kafin tandar gwajin Phoenix ta ba da bushara?

Malam Iliya

Injiniya, ka taɓo wurin da na fi so a tsaya. Tazarar da ke tsakanin cokali da tanda ba ta kai taku ɗaya ba, ita ce kuma ta ci makonni.

Nan ne ƙasar Mas ta nuna halinta,
Bari in jero tun inda aka fara.

Tanda 8 ke cikin na'urar TEGA,
Kowace sau ɗaya ake cika ta, ba a ƙara.

Faɗin kowace milimita 2 ne kacal,
Zafinta digiri 1,000 yake tunkara.

A bakinta rariya mai ido milimita 1,
Don kar tsakuwa ta shiga ta tokara.

Samfurin farko da aka juye a kai,
Ya cure bisa rariya kamar ya taurara.

Aka yi ta girgiza ta kwana da kwanaki,
Da kyar ya saki jiki ya zurara.

An daɗe da tono shi yana shan rana,
Aka gasa, ba ƙanƙara ko ƙwara.

Wasu ƙofofin tanda rabi suka buɗe,
Ga wayar wuta ta haɗe, kowa ya zabura.

Yawan girgizar aka zarga da jawo shi,
Aka daina juye cokali a tura.

Sai a karkata shi a rinƙa kaɗawa,
Ƙasa na sauka sannu, ƙura-ƙura.

Ita ƙanƙarar kuwa a sanyin can
Taurin dutse gare ta, ba ta jin sara.

Sai magagari mai juyi a bayan cokali,
Ya huda ramuka 16, garin aka kankara.

Aka kai bakin tanda aka kife,
Garin ya manne a cokali ya gagara.

Aka haƙura da zallarta, aka ɗebo
Ƙasar da ke kanta, da danshinta ya sarara.

Wannan ta wuce rariya ta shige,
Aka rufe tanda, wuta aka hura.

A daidai digiri 0 tanda ta nemi ƙari,
Alamar wani abu na narkewa, aka lura.

Ma'aunin nauyin ƙwayoyi ya karɓi tururin,
Sunan ruwa ya karanta ya fassara.

Ran 31 ga Yuli aka sanar,
Awo ya gaskata abin da ido ya fara.

Dalilin neman ƙarin wutar: kowane giram na ƙanƙarar ruwa sai ya haɗiye zafi jul 334 (jul ma'aunin makamashi ne) kafin ya narke, kuma muddin yana narkewa zafinsa ba ya hawa. Na'urar tana ƙirga wutar da tanda ke ci, don haka ta ga wannan cikas a digirin da ruwa ke yin sa.

Malama Hadiza

Malam Iliya, ƙasar da ta manne,
Gishirin fakuloret a cikinta yake zaune,
Kusan rabin kashi 1 cikin 100 ne,
Mai jan danshi ne, ya tara.

Yana jinkirta wa ruwa daskarewa,
Mai shan sa maƙoƙo na iya kamawa,
Duk mai son ruwan can don shayarwa,
Sai ya tace kafin ya ɗura.

Kumbon InSight ma a 2018 ya sauka,
Da ƙusar Jamus mai yi wa kanta duka,
Mita 5 aka so ta haƙa,
Ƙasa da rabin mita ta tokara.

Zafin ciki take awo, ba ruwa ba,
Amma ciwon bai bambanta ba:
Ƙasa ba ta rufto ta riƙe ta ba,
In ta doka sai ta dawo, ta zabura.

Dakta Rabi

Malama, zurfin da ƙusa ta kasa,
Dutse daga sama ya zo ya sara.

Ran 24 ga Disamban 2021 InSight ya ji girgiza,
Aka bi sawunta daga sama da kyamara.

Rami ne mai faɗin mita 150,
Gefensa manyan curin ƙanƙara,

A digiri 35 arewa, inda rana ta fi ƙarfi,
Ga mai dogaro da sola wannan bushara.

Malam Sani

Haka ne Dakta, ƙurya na da ruwa,
Amma hunturunta ba ya barin na'ura.

Kwana 90 aka ɗebar wa Phoenix,
Ya yi wata 5, abin da aka sa ya ɗara.

Ran 2 ga Nuwamba ya aiko saƙon ƙarshe,
Rana ta yi ƙasa, batir ya sandara.

Hoton 2010 ya nuna faifan solarsa a lalace,
Nauyin ƙanƙarar kabon aka ɗora wa ƙara.

InSight kuwa a Disamban 2022 ya yi shiru,
Shi faifansa abin da ya rufe ƙura.

Injiniya Bala

Ga abin da zan nema a kumbo na gaba,
Malam Iliya, in na kauce ka gyara.

Motar Rosalind Franklin ta Turai
Mahudi mai kai mita 2 aka ɗora.

Amma in ƙanƙara ake son kai wa tanda,
Zurfi kaɗai ba ya hana asara.

Cokali ya zauna a inuwa, da sanyinsa,
A tona da dare ko kafin rana ta fara.

Daga rami zuwa tanda kar a kwana,
A rufe samfurin, kar a bar shi yana jira.

A buɗa idon rariya, a sa mata matura,
In ƙasa ta cure, da ƙarfi a zura.