Yaya ake cusa tera 1 a ɗan katin memori?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum malamai. Girman katin memori na waya bai canza ba, amma daga giga 2 an kai tera 1, wato giga 1,000. Ƙanƙanta ɗakunan ajiyar ake ta yi, ko da wata dabara? Ina iyakar abin?

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam. Da fari ƙanƙantawar ce. Kowane ɗaki tarkon elektaron ne, wato ƙwayoyin cajin lantarki, aka yi ta matse shi har ya sauko wajen nanomita 15 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Nan abin ya cije: elektaron ɗin ciki sun yi kaɗan, cajin ɗaki kuma yana shafar na maƙwabcinsa, karatu ya riƙa fita da kuskure. Sai aka koma gini sama kamar bene. Samsung ta fara a 2013 da hawa 24, Micron ta kai 232 a 2022, SK hynix 321 a 2024.

Ana shimfiɗa hawa bisa hawa, a huda rami tun daga sama har ƙasa, a shafe bangonsa da silikon naitarai mai kaurin ƴan nanomita, shi ke riƙe cajin. Wahalar duk a ramin take. In ya yi zurfi sai gindinsa ya tsuke ko ya karkace, ɗakunan ƙasa su saɓa da na sama. Shi ya sa yanzu ake huda shi kashi biyu ko uku, ana ɗorawa.

Hajiya Mai Lissafi: Malam, a ƙara da wata dabara, don ita ta fi shafar mu a Damagaram. Ɗaki guda da can bit 1 yake ɗauka, wato lamba guda, 0 ko 1. Nau'in ɗakin da ake kira TLC na ɗaukar 3, wato matakan caji 8, nau'in QLC kuma 4, matakai 16. Tazarar matakan ta ƙuntata, caji kaɗan ya zurare sai lamba ta canza, kuma zafi na gaggauta zurarewar. Ma'aunin JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin memori, shi ne SSD (ma'ajiyar kwamfuta mai irin waɗannan ɗakuna) na amfanin gida da ya ƙare adadin rubutunsa ya riƙe bayanai shekara 1 ba wuta, a digiri 30. Mu a Afrilu da Mayu muna haura 40. Kar ka bar kati cikin mota, ƙanena, kuma takardu masu muhimmanci a ajiye su wuri biyu.

Mai Gyaran Waya: Gaskiya ne Hajiya. Tera 1 na gaske ya fito tun 2019, amma wanda aka ba ka da arha ka gwada shi tukuna. Na jabu giga 8 ko 16 ne aka sauya masa lamba, in ya cika sai ya rubuta sabo kan tsoho. Sa shi a kwamfuta, manhajojin gwaji H2testw ko F3 su cika shi fal su sake karantawa, nan girmansa na ainihi zai fito.