Tayarod: me za mu kira shi da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Neman kalma ya kawo ni yau, kuma ina so makanikai da direbobi su sa baki, tunda su ke taɓa ƙarfen nan kullum.

Ran Lahadi muna dawowa daga kasuwar Gujungu a Golf ɗin yayana, sai na ga sitiyari na lilo a hannunsa. In ya murza kaɗan motar ba ta amsawa sai ya ƙara, kuma duk ramin da muka faɗa sai mu ji ƙwas daga gaba ta dama. A Ringim muka shiga gareji. Makaniki ya leƙa ƙasa ya ce, "Alhaji, tayarod ne ya ci." Yaya ya ce, "Haba malam, ko wata biyu ba a yi ba da na sa sabuwar taya." Manomi ne, bara ya sayi motar da kuɗin riɗi, kuma abin da kunnensa ya kama kenan: taya. Saura ƙiris ya ce mu ci gaba da tafiya.

Ga wanda bai san shi ba, ƙarfe ne dogo da ke haɗa injin sitiyari da ƙafar mota, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Kowanne kashi biyu ne, na ciki da na waje, kuma a bakin na wajen akwai ƙwallon ƙarfe da ke juyawa cikin giris, an rufe shi da roba. Namu robar ta yage, giris ya tsiyaye, yashin hanyar ƙauyenmu ya shiga ya yi ta gurzar ƙwallon. Makanikin ya ɗaga motar da jak, ya kama tayar ta gefe da gefe ya girgiza, sai ga ta tana wasa. Ya ce in ɗora hannu a kan ƙarfen, na ji yana ƙwacewa a tafina. Da ya kama ta sama da ƙasa, shiru. Ya ce da can ne ta motsa, da boris zai fara zargi. Wajen cirewa ya ƙirga zagaye nawa ya warware tsohon, ya ɗaura sabon daidai da haka, sannan ya ce lallai a je a yi alaimen, wato a saita tayoyin gaba su tsaya daidai, in ba haka ba sabuwar tayar za ta cinye ta gefe ɗaya.

To, sunan fa? Sandar sitiyari na fara tunani, amma duk wanda ya ji zai ɗauka wadda ke gaban direba ce. Wani dattijo da ke zaune a bencin garejin ya ce, "Yaro, karkiya ce," don ita ke sa shanun noma biyu su tafi tare. Maganarsa ta shige ni, domin ƙarfen na riƙe tayoyin gaba su fuskanci wuri guda. Sai dai karkiya ba ta juya shanu. Akala da ragama kuwa igiya ce, wannan ƙarfe ne.

Ni dai na tsaya a kan linzamin taya. Mahayi ya ja, ƙarfen da ke bakin doki ya isar da saƙo, doki ya juya: aikin kenan. Na yarda linzami ja kawai ake yi da shi, wannan kuwa yana ja yana turawa, amma kalmar na ɗauke da abin da ya fi muhimmanci. Ku gwada ce wa mutum, "Linzamin tayarka ya saki." Babu Bahaushen da zai ji haka ya ɗebi iyalinsa ya hau titin Haɗeja, kuma gaskiyar kenan, don in ƙwallon nan ya fice ana gudu, tayar ba ta ƙara jin maganar sitiyari. Daga nan sai mu sami linzamin ciki, linzamin waje, da kan linzami ga ƙwallon.

Makanikai, in kun ji ta yi nauyi a baki ku faɗa. Alaimen ma tana jiranmu. Ni daidaita ƙafa nake ce mata.