Yaron Nima a Landan: Musayar Waƙa Kan Kudus

Ɗan Nima:
Salamu alaikum jama'a. Tun da Mohammed Kudus, ɗan ƙwallon Ghana daga unguwar Nima a Accra, ya bar West Ham ya koma Tottenham a Yulin 2025 ake ta ce-ce-ku-ce a kansa. Yau a yi ta da waƙa. Ƙwar huɗu, amsa-amo "ma".

Da sunan Allah nake farawa,
Mai bai wa bawa, Mai hanawa,
Yau alƙalamina na yabawa,
Kan Kudus ɗan unguwarmu Nima.

Fili ba ciyawa sai jar ƙasa,
Ƙura na tashi ana ta wasa,
Takalmi ya yage ba a fasa,
Nan ƙafar hagun nan ta soma.

Ƙungiyar Strong Tower ta riƙe shi da fari,
Yaro ɗan tsurut ga shi da sauri,
In ya riƙe ƙwallo yi haƙuri,
Ba ku ƙwata ko kun kai goma.

Uwa na bakin tukunyar tuwo,
Ta sayar, abin da ta samu ta kawo,
Shi ko yana fili wurin yawo,
Ba ya shiga gida sai yamma.

Malamin Kumasi:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka tsaya a Nima, bari in ɗauke shi daga nan. Makarantar ƙwallo ta Right to Dream da ke kusa da Akosombo ce ta raine shi, kuma masu makarantar ne suka sayi ƙungiyar Nordsjælland ta Denmak a 2015, don haka hanyar a share take. Ya tafi a 2018, Ajax ta saye shi Yuro miliyan 9 a 2020.

Bakin kogin Volta aka kai shi,
Boko da tamaula aka ba shi,
Da ya isa jirgi ya ɗauke shi,
Sai Denmak inda ake kyarma.

Ba koko da safe, babu ƙosai,
Dare da tsawo, ga sanyi sosai,
Yaro ya cije ya ƙi sauke kai,
Shekara biyu Ajax ta zo nema.

Daren farkonsa a gasar Zakaru,
Da Liverpool aka zo aka taru,
Minti kaɗan abin ya faru,
Gwiwa ta gurɗe, sai jinya kuma.

Da ya warke ya je Anfield da kansa,
Ya saki wata da ƙafar hagunsa,
Gola na tsaye ta wuce ta kansa,
Bashin gwiwa ranar ya rama.

Gimbiyar Zango:
Baba Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ba ruwana da miliyoyi. Ranaku biyu nake riƙe da su: 28 ga Nuwamban 2022 a gasar kofin duniya a Katar, da wasan Ajax da Sparta Rotterdam a Fabrairun 2023, bayan rasuwar ɗan wasan Ghana Christian Atsu.

A Katar ranar wasan Koriya,
Mun ci biyu muna ta dariya,
Suka farke duka muka sha wuya,
Zuciya ta tsinke, jiki na tsuma.

Ta biyunmu da ka ya sa a raga,
Ta uku ta kuɓce wa Iñaki, ya hanga,
Ya ɗora mata hagu sai ta shiga,
Uku da biyu, Ghana ta yi sama.

Da girgizar ƙasa ta ci Turkiyya,
Christian Atsu ya bar duniya,
Kudus ya ci bugun tazara da niyya,
Ya ɗaga riga ya yi masa sallama.

Doka ta ce katin gargaɗi ne,
Alƙali ya san ko mene ne,
Ya bar kati a aljihu, mutum ne,
Su biyun ranar sun cika girma.

Mai Guduma:
Duk na ji. Ni West Ham nake yi tun kafin a san sunansa, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. A Agustan 2023 muka biya Ajax kusan fam miliyan 38.

Ni ban manta daren Freiburg ba,
Daga rabin filinmu bai tsaya ba,
Ya yanke 'yan baya bai waiga ba,
Ya zura, muka ce wa zai kama?

In ya ci sai ya jawo kujera,
Ya zauna, ihu yana ta ƙara,
Mu ma a gidan kallo muka fara,
Ashe ba da mu zai dogon zama.

A filin Tottenham ya ta da faɗa,
Van de Ven da Sarr duka ya haɗa,
Jan kati, hukunci aka daɗa,
Wasa 5 ba shi muna ta fama.

Wata tara sai ga farar riga,
Gidan da ya yi dambe nan ya shiga,
Abokan gabarmu, kowa ya ga,
Da ma Saudiyya ce, da dama-dama.

Ɗan Nima:
Yaya Mai Guduma, sha ruwa tukuna.

Fam miliyan 55 kuka karɓa,
Ba wanda ya ce kar ku taɓa,
Ciniki ne, ku kuka zaɓa,
Ku ci riba kuma ku zo da nadama?

Ƙwallo kasuwa ce mai watsewa,
Gwiwa ɗaya ta isa rabawa,
Tottenham da kofin Europa na hawa,
Ku kuna na 14, ina makoma?

Mai Guduma:
Ƙanena, kar ka kawo maganar teburi. A kakar da muka ƙare na 14, su na 17 suka ƙare.

Wanda ke ƙasa da ni a jeri,
Shi kake kira mini babban gari?
Kofi ɗaya ya rufa musu asiri,
Ba don shi ba da sun sha gardama.

Tsohon Gola:
'Ya'yana, kuna ta faɗa kan Landan, ni Ghana ce damuwata. Na kalli Abedi Pele a 1993 lokacin da Marseille ta doke Milan a Munich, mutumin da ya zama gwarzon Afirka sau uku a jere. Muntari ya ɗauki kofin Zakarun Turai a 2010, Essien a 2012. Da su nake auna yaro, farashi kuwa aikin dillalai ne.

Abedi ya bugo ta daga kusurwa,
Boli ya sa kai, Milan na faɗuwa,
Kofin Turai Marseille na ɗagawa,
Nan ake gane mai ƙima.

Muntari da Inter ya ɗauko nasa,
Essien da Chelsea ya kai gidansa,
Kudus lig biyu na Holan ne rabonsa,
Ban raina ba, amma yanzu ya soma.

Ya ci Masar biyu a Abidjan,
'Yan baya suka mayar nan da nan,
Mozambik ta tare mu bayan nan,
Ta Maroko ko ba mu je ba ma.

Tun 1982 muke ta jira,
Gemu ya yi fari, haƙora sun zubara,
Kofin Afirka ya ƙi amsa kira,
Ya kawo shi in ba shi rawanin girma.

Gimbiyar Zango:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ba a ɗora wa mutum ɗaya kayan mutum 11. Kai da ka tsare raga ka fi kowa sani.

Ya ci biyu, wasu suka zubar,
Laifin wa ke nan, Baba, a ranar?
Shi zai ci, shi zai tsare ƙofar?
Ko Abedi bai iya wannan hidima.

Oktoban 2025 a Accra aka haɗu,
Da Komoros, zukata sun kaɗu,
Ya taɓa ta ɗaya, raga ta girgiɗu,
Tikitin duniya a hannu muka kama.

Tsohon Gola:
'Yata, tikiti ba kofi ba ne, amma na karɓi wannan baitin.

Na yarda yaro yana da ƙafa,
In ya juya 'yan baya na gumi da zufa,
A samo masa masu rufa masa baya fa,
In ba haka ba gara a koma noma.

Mai Guduma:
To ni ga matsayata, kowa ya shaida.

In ya sa ta Ghana zan yi tafi,
In ya ci in tashi in yi tsalle mai ƙarfi,
Farar riga ko, mun yi hannun riga da tafi,
Ko ya ci ɗari ba na ko alama.

Gimbiyar Zango:
Yaya, ka dai duba da kyau kafin ka rantse.

Rigar gida ta Black Stars fara ce,
Baƙar tauraruwa a ƙirji ita ce,
Ranar wasa in ka zo ka dace,
Sai mu ga da wane hannu za ka soma.