Sababbin 'yan sa kai ba sa zama a ƙungiyarmu ta Gadarif

Assalamu alaikum. Ina cikin masu tafiyar da wata ƙungiyar sa kai ta Hausawa a garin Gadarif na ƙasar Sudan, wadda ke dafa abinci a takiyya, wato wurin da ake dafa abinci a raba kyauta, domin mutanen da yaƙin Afrilun 2023 ya raba da gidajensu. Matasa da suka taso daga Khartum da Wad Madani suna shigowa da kyakkyawar niyya, amma ba sa daɗewa.

Mun gabatar da su a taron bayan sallar Juma'a, sai dai dattawa da Hausa suke magana, su kuma Larabci ya fi kama bakinsu, don haka suna zaune shiru har a tashi. Mun saka su a zauren WhatsApp, amma yankewar intanet tana hana saƙon rabon aiki isa a kan lokaci. Da muka haɗa kowane sabo da tsohon mamba, sai tsofaffin suka riƙe tukunya da rajistar iyalai, suka bar musu ɗiban ruwa da wanke-wanke. Wannan ne ya fi damuna, domin akwai ɗaliban jami'a a cikinsu da suka iya lissafi.

Ta wace hanya za mu damƙa wa sabon mamba aiki na gaske tun makon farko, ba tare da dattawanmu sun ji an ture su ba?