Neman shawara: an yi wa Yayata aikin ƙwan mahaifa, kemo dole ne?

Maman Sadik (Daura): Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayata ce, shekararta 48. Tun bayan ƙaramar salla cikinta ke kumbura, loma biyu ta ce ta ƙoshi. Wata biyar ana ba ta maganin olsa a kemis, har kishiyarta na yi mata barka wai ciki ne. Ni na matsa muka je Katsina, don mijin ba ya motsi sai an tura shi, kuɗin mota ma ni na biya. An yi aiki an cire mahaifa da ƙwayayen. Yanzu sakamakon tsoka ya fito, sankara ce, wai siros mai babban gired, mataki na 3. Likita ya ce kemo, wato maganin kashe sankara da ake sakawa ta jijiya, sau 6. To maƙwabciyarmu an cire mata irin wannan ƙarin shekara 7 da suka wuce, ba kemo, ga ta tana tuyar awara. Me ya sa mu sai an yi?

Hajiya Nas: Ƙanwata, ba iri ɗaya ba ne. Sankarar ƙwai kala-kala ce, sai a madubin likita ake rarrabewa. Ta maƙwabciyarki wataƙila mai majina ce, musinos, wadda galibi ake kamawa tana mataki na 1, wani lokacin aiki kaɗai ya isa. Ta Yayarki ita ce ta fi yawa, kusan kashi 70 cikin 100 na masu tasowa daga fatar ƙwai, sau da yawa ma daga bututun ƙwai take farowa. Tana saurin bazuwa, mataki na 3 kuwa ta riga ta bazu zuwa cikin ciki. Sauƙinta, tana jin magungunan kemo, kaboplatin da paklitaksel. Mai ƙaramin gired ita ce ke tafiya a hankali amma ba ta cika jin kemo ba. Ku fara.

Abu Hafsat: Ku har kun samu sakamako. Na mahaifiyarmu wata biyu muna sintiri, ƙarshe aka ce kwalbar ta ɓata. Allah Ya isa.

Ummu Khairat: Kemo ce ta ƙarasa gwaggona, gashi ya zube ta koma kamar tsinke. Ku riƙe habbatus sauda da zuma.

Hajiya Nas: Gashi yana dawowa. A sha zuma, amma zuma ba ta hana ruwa taruwa a ciki. Maman Sadik, likita ya ce an kwashe ƙarin duka ko an bar saura? Wannan na cikin manyan abubuwan da ke nuna yadda za ta kaya. Nawa ne CA-125 ɗinta, wato gwajin jinin da ake bibiyar sankarar ƙwai da shi, kafin aiki? Kuma akwai mai ciwon nono a danginku? Saboda BRCA, ƙwayar gadon da in ta samu matsala take iya jawo sankarar nono da ta ƙwai, ke ma ya shafe ki.

Maman Sadik: Hajiya ban tambaya ba, takardun na wurin mijin. Innarmu ta yi ciwon nono amma wannan daban ne ai. Mu dai mun yanke sai bayan bikin ɗiyarta, saura sati 9. Ita ma ba ta san sankara ba ce, ƙari muka ce mata.

Hajiya Nas: Sati 9? Ana so a fara cikin 'yan makonni bayan aiki. Kuma jikinta ne, ku gaya mata.

Maman Sadik: Ba ku san Yaya ba ne. Ranar da ta ji kalmar nan ta daina cin abinci ke nan. An riga an kai lefe.

Abu Hafsat: Wai nawa ake yin kemo ɗin yanzu?