Lambobin takardar safiyo sun ƙi dacewa da Google Earth

Mai_Fuloti:
Assalamu alaikum. Fili ne a bayan Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. An sa lambobin da ke takardar safiyo a Google Earth, sai alamar ta faɗa cikin gidan maƙwabci, nisa ya haura mita 100. Takardar ce ba daidai ba, ko waya?

Safiyo_KT:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Duba gefen takardar, za ka ga an rubuta Minna Datum. Ma'aunin Najeriya ke nan, tushensa turken L40 da ke Minna, an gina shi a kan siffar duniya ta Clarke 1880. Google Earth da waya kuwa WGS84 suke bi, wato ma'aunin duniya da GPS ke aiki da shi. A nan Katsina, in ka zuba lambar UTM (tsarin da ya raba duniya shiyya-shiyya, yana ba da gabas da arewa a mita) ta Minna a WGS84 ba juyi, alamar takan goce kimanin mita 80 gabas, wajen mita 120 kudu. A manhajar taswira ta QGIS, shigar da lambobin da lambar ma'auni 26332, wato Minna a shiyya ta 32, sannan ka juya su zuwa 32632, wato WGS84 a shiyya ta 32. Kada ka taɓa adadin da hannu.

Ɗan_Kusugu:
Haka ne, Malam, amma a fara tabbatar da cewa UTM ɗin ne. Tsofaffin takardu da yawa da NTM aka yi su, wato tsarin lambobin taswira na Najeriya mai ɗamara uku: yamma, tsakiya, gabas. Katsina da Daura duk a ta tsakiya suke, lambarta 26392. Ganewa ba wuya. A birnin Katsina, UTM na ba da gabas wajen 348,000, arewa wajen 1,436,000. NTM kuwa gabas wajen 573,000, arewa bai kai miliyan ba. Wanda ya cakuɗa su ba gidan maƙwabci zai faɗa ba, sai ya bar jihar ɗungurungum.

Safiyo_KT:
Ko an juya, Alhaji, adadin juyin da aka saba kan bar kuskuren 'yan mitoci, waya ma na da nata, mita 3 zuwa 5. Wannan ya isa a ci iyakar maƙwabci. Kafin a haƙa harsashi, safiyo mai rajistar SURCON, hukumar rajistar safiyo ta Najeriya, ya kafa na'urarsa a kan turken gwamnati, ya gwada na biyu, sannan ya nemo duwatsun kusurwa huɗun.